Madawa, Buza, Keita: Wa Zai Biya Kuɗin Iska?

Da zarar an gama ɗaurin hatsi, masu lambu suka koma fadamar Tarka da ta Magiya suna dashen albasa, sai iskar hunturu ta fara gangarowa bisa duwatsun Adar da ƙurarta da sanyinta na asuba. Daga nan har zuwa bazara, da wuya a shiga gida a Madawa, a Buza ko a Keita ba a ji tari ba. Mafi yawan wannan tari na mura ne, yakan wuce da kansa cikin mako guda. Amma a cikinsa akwai wanda ba ya wucewa, wanda yake sauka cikin huhu, ya cika shi da ruwa da mugunya, ya bar yaro ko dattijo yana jan numfashi kamar wanda aka danne wa ƙirji da dutse. Likitoci suna kiransa nimoniya, a kasuwa ana ce masa ciwon haƙarƙari, wasu kuma su ce ciwon awazai. Idan ya yi kisa ba a shelar annoba a rediyo, ba a aiko da tawaga daga Yamai, ba a kuma raba buhun shinkafa ga iyalin mamaci. Akan ce zazzaɓi ne, a yi jana'iza, a koma lambu.

Wannan shiru shi ne ya sa cutar ta zama marainiya a siyasar ƙasa. Sanƙarau yana da ranakunsa na tashin hankali, kwalara tana tayar da ministoci daga barci, amma ciwon huhu yana ɗibar mutane ɗaya bayan ɗaya, a gidaje daban-daban, ba tare da ya tara gawa wuri guda ba. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000, wato kashi 14 cikin ɗari na duk yaran da suka rasu a wannan shekara. A cikin cututtuka masu yaɗuwa babu wadda ta kai shi cin ƙananan yara. Tun 2010 aka keɓe masa ranar 12 ga Nuwamba ta kowace shekara, amma ma'aikaci nawa ne a jihar Tawa zai iya faɗin wannan rana in an tambaye shi?

Ƙwayoyin da suka fi kawo shi sanannu ne. Akwai wadda ake kira numokok, akwai Hib, akwai kuma ƙwayoyin mura iri-iri da suke buɗe musu ƙofa. Abin da ya sa suke samun gindin zama a Adar shi ma ba ɓoyayye ba ne. Yaron da tamowa ta rama ba shi da ƙarfin ture cuta. Wanda ƙyanda ta kama, huhunsa yakan zama gona sharariya ga kowace ƙwaya. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa tana hura wutar kara ko ta kashin shanu, yana shaƙar hayaƙin da ko babba ba zai jure ba, ga kuma garwashin da ake shigarwa ɗaki da dare saboda ɗari, a toshe ƙofa da taga. Ƙura kanta ba ta fita zargi ba: wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda cibiyar CERMES ta Yamai ta yi hannu a ciki, ya nuna cewa ƙura da zafi suna sauƙaƙa wa ƙwayar numokok ratsa jiki. Babu gwamnatin da za ta hana hunturu busawa. Tambayar da ta dace a yi wa masu mulki ita ce abin da ke jiran mara lafiya bayan cutar ta kama shi.

Abu na farko shi ne a gane ta, kuma a nan ne abin takaici yake, domin gane ta a wurin yaro bai buƙaci hoton ƙirji ko ɗakin gwaje-gwaje ba. Agogo ake buƙata da ido da haƙurin minti ɗaya. A ɗage rigar yaro lokacin da ya natsu, ba ya kuka, a ƙirga sau nawa ƙirjinsa yake tashi cikin cikakken minti. Jariri da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11 iyakar ita ce 50, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Sai a dubi ƙasan haƙarƙari: idan yana lotsawa ciki duk lokacin da yaro ya ja iska, cutar ta yi nisa. Idan kuwa ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya yi taune-taune, ko barci ya rinjaye shi har ba a iya tayar da shi, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi, to maganar gida ta ƙare, ta asibiti ce, kuma a daren nan, ba gobe in an dawo daga kasuwa ba. Wannan ilimi bai fi ƙarfin ungozoma ba, bai fi ƙarfin malamin lakwal ba, bai fi ƙarfin uwar da ba ta taɓa riƙe alli ba.

To me ya sa ake kuskure shi? Saboda a ƙasar nan duk zafin jiki sunansa zazzaɓin sauro har sai an tabbatar da akasin haka. Ma'aikacin lafiya da yake da layin mata hamsin a ƙofa yakan soki yatsan yaro ya yi gwajin gaggawa. In ya nuna akwai ƙwayar zazzaɓin, sai a ba da maganinta a kira na gaba. Amma a kaka da farkon hunturu yara da yawa suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin sauro a jini ko da wata cutar ce take kashe su, kuma ba abin mamaki ba ne cututtukan biyu su haɗu a jiki guda. Gwajin yana amsa tambayar da aka yi masa ne kurum, ba ya cewa komai game da huhu. Minti ɗayan da ba a kashe wajen ƙirgar numfashi ba, shi ne yakan koma kwana uku na jinyar banza a gida.

Kada ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya ɗauka zancen na yara ne kaɗai. Ciwon huhu mai tsanani yana kayar da magidanci mai ƙarfi, balle dattijo, balle mai ciwon suga ko mai shan taba ko ɗan bida da ya dawo daga Abijan ko Libiya a gajiye, ya kwana uku bisa kaya a bayan babbar mota. Likitocin Ingila sun tsara wani ma'auni mai sauƙi na alamu huɗu da ba ya buƙatar ɗibar jini: ruɗewar hankali, numfashi 30 ko fiye a minti, faɗuwar awon jini ƙasa da 90, da shekaru 65 ko fiye. Kowace alama da ta ƙaru, haɗarin mutuwa yana hawa, kuma wanda ya haɗa uku ko huɗu gadon asibiti ne wurinsa ba tare da gardama ba. Sai dai magidancin Adar yana ganin kwanciya ragwanci ce. Zai aika a sayo masa kafso biyu a tiren mai talla, ya kora da shayi, ya buɗe shago. In zafin jiki ya lafa sai ya daina sha, in ya dawo sai ya sauya launin kafso. Ranar da za a ɗauko shi a kwance, ya riga ya yi mako guda yana horar da ƙwayoyin cutar yadda za su jure magani. Haka nan tarin da ya haura mako biyu, da rama da gumin dare, yana iya zama tarin fuka, wanda gwajin majina ne yake bayyana shi, kuma kafson talla ba ya taɓa shi.

A bi sawun yaro guda daga wani ƙauye na ƙasar Tabotaki, ko Garhanga, ko Urno, domin hanyar kusan ɗaya ce. Ranar farko jiƙo ne da shafa man zafi. Rana ta biyu kakarsa ta ce beli ne, a kira wanzami. In an yi rashin sa'a a cire, yaron da dama yake fama da numfashi ya ƙara da zubar jini da kasa haɗiya. Rana ta uku uwa tana son tafiya gidan likita, amma maigida yana bida, ƙanensa da aka bar wa gida ba shi da kuɗin kabu-kabu, sai an kira waya an jira aike. Rana ta huɗu a isa ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, ma'aikaci ya duba ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a wuce CSI. Majo ya yi allurar farko, ya rubuta takardar turawa asibitin gunduma, sai maganar mota ta taso: ko tana wani gari, ko ta lalace, ko akwai ta amma sai an zuba mai. Duk wanda ya san hawa da gangaren Adar da koramunta ya san abin da kilomita arba'in ke nufi da dare ga yaron da iska take ƙare masa. Babu mugu ko ɗaya a cikin wannan labari, kowa ya yi iyakar abin da ya sani ko yake da hali, amma kwana huɗu sun tafi.

Maganin kuwa ba mai tsada ba ne, kuma ba sabo ba ne. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauƙaƙa ƙa'ida: yaron da numfashinsa ya yi sauri, ko ƙirjinsa yake lotsawa ba tare da sauran alamun haɗari ba, ana iya yi masa magani da amoksisilin na sha, irin wanda yake narkewa a ruwa ko nono, na kwana uku zuwa biyar gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya tsara. Mai alamun haɗari kuma a kwantar da shi, a yi masa alluran ampisilin da jantamisin, in ba su ci ba a koma seftiriyakzon. Babba ma yana da nasa haɗin, kuma ƙa'idar ko'ina ita ce kada a ɓata lokaci kafin allurar farko. Dukkan waɗannan magunguna suna cikin jerin na tilas, sun fi shekara arba'in a duniya, kuma kuɗinsu bai kai na buhun albasa ɗaya a lokacin tsada ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Maganin kashe ƙwayar cuta yana buƙatar kwana biyu ko uku kafin aikinsa ya bayyana, shi kuwa huhun da ya cika da ruwa ba ya iya jira. Aikin huhu shi ne ɗibar oksijan daga iskar da aka shaƙa ya zuba a jini. Idan ƴan aljihunan da ke yin wannan aiki suka toshe, jini yakan wuce hannu wofi, ƙwaƙwalwa da zuciya su fara galabaita. Iskar da kowa yake shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijan. Lafiyayyen huhu ya wadatu da haka, mara lafiya kuwa sai an ƙara masa. Oksijan ba ya kashe ƙwayar cuta ko guda, abin da yake yi shi ne riƙe ran mutum har magani ya kama. Asibitin da yake da allura ba shi da oksijan kamar mai rijiya ne da guga babu igiya.

Ido ba ya iya gane ƙarancin oksijan sai abu ya ɓaci. Shi ya sa ake da ɗan ma'aunin nan da ake maƙala wa yatsa, wanda wani injiniyan Japan mai suna Takuo Aoyagi ya gano hikimarsa a farkon shekarun 1970. Cikin ƴan daƙiƙu yake nuna lamba. In ta faɗi ƙasa da 90, mara lafiya yana buƙatar iska. Na kirki bai kai kuɗin wayar hannun da ke aljihun kowane shugaban ofis ba. Yana da nasa raunin, kuma raunin ya shafi mutanen ƙasar nan kai tsaye: wani bincike na jami'ar Mishigan ta Amurka ya nuna a 2020 cewa ma'aunin yakan ɓoye ƙarancin oksijan a wurin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Darasin da ke ciki shi ne a sayi mai inganci, a sayi mai bakin da ya dace da yatsan jariri, kuma a koya wa ma'aikaci kada lamba ta hana shi gaskata idonsa. Ƙungiyar ALIMA da abokan aikinta sun gwada shigar da wannan ma'auni a ƙananan gidajen likita na Nijar, Mali, Burkina Faso da Gini ƙarƙashin shirin AIRE. Ma'aikata sun iya amfani da shi. Sai dai abin da ke biyo baya kowa yana iya hasashensa: ka gano yaro yana buƙatar iska, ina iskar take, kuma da wace mota za a kai shi?

Hanya biyu ce ake samun oksijan a asibitin gunduma. Ko dai tukwanen ƙarfe da ake cikawa a masana'anta a yi dakonsu ɗaruruwan kilomita, masu nauyi, masu tsada, masu ƙarewa tsakar dare. Ko kuma injin tace iska, mai girman ƙaramin akwati, wanda yake zuƙar iskar ɗaki ya ware oksijan ya miƙa wa mara lafiya. Na biyun ya fi dacewa da karkara, amma yana da sharuɗɗa uku: wutar lantarki da ba ta yankewa, matata da ake wankewa da sauyawa, da mai gyara da yake kusa. Ƙurar hunturu da take cika huhun yaro ita ce kuma take toshe injin. Game da wuta, ba a manta ba yadda Najeriya ta katse layin da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido shi ba sai a Maris na 2024. A waɗannan watanni kowane asibiti ya koyi cewa ran mai ciwon huhu yana rataye da litar man injin wuta. Alhali rana ba ta taɓa yi wa Adar rowa ba, kuma tashar hasken rana ta Malbaza, wadda aka buɗe a 2018, tana nan kusa tana shaida cewa abin mai yiwuwa ne. Faranti kaɗan bisa rufin ɗakin yara da batura masu kyau sun isa su riƙe injin tace iska har gari ya waye.

Ba zato ba ne. A ƙasar Papuwa Niyu Gini, mai duwatsu da ƙauyuka masu nisa, an sanya ma'aunin yatsa da injinan tace iska a asibitocin karkara, kuma sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna mutuwar yara masu ciwon huhu ta ragu da kashi 35 cikin ɗari. Ba a ƙirƙiro sabon magani ba, ba a gina sabon asibiti ba. A watan Mayu na 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan wadatar da oksijan, bayan annobar korona ta tona asirin ƙasashe masu yawa. A 2025 kuma wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, cikin mutum goma masu buƙatar oksijan a asibiti, kusan tara ba sa samu.

Me ya hana? A nan ne maganar ta bar hannun likita ta koma hannun masu mulki. Tarihin kuɗin lafiya a Nijar tarihin alkawari ne da bashi. Shirin Bamako na 1987 ya ce talaka ya biya wani abu don kada kantin magani ya bushe. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi. A zamanin Tanja Mamadu aka gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka ƙarƙashin shirinsa na musamman, aka kuma shelanta a 2006 cewa jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce. Ba za a raina wannan mataki ba, domin mata sun yi tururuwa zuwa gidajen likita, kuma yara da yawa sun rayu saboda shi. Amma tsarin ya ginu a kan cewa gidan likita ya yi jinya, ya aika takardun bin bashi, baitulmali ya biya. Baitulmali kuwa ya riƙa jinkiri na watanni har shekaru, kamar yadda masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai suka yi ta rubutawa. Majo da ba a biya shi ba ba ya iya sayen magani, sai ya rubuta odonansi, uwa ta fita nema, kyauta ta koma ta baki. A 2024 gwamnatin soja ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati daga 1 ga Satumba. Magidanci ya ji daɗi, kuma yana da gaskiya. Sai dai rabin da aka yafe masa dole wani ya biya, in kuwa ba a biya a kan kari ba, to daga kantin magani da tankin mai da kuɗin gyaran inji za a zare shi.

Daga Babban Taron Ƙasa na 1991 zuwa 2023, jam'iyyu sun yi ta karɓar mulki suna miƙawa, sojoji suna shiga tsakani, kuma kowane ɗan takara ya bi ta Madawa da Buza da Keita da ayarin motoci. An yi alkawarin hanya, da rijiya, da aji, da bango. Bango yana da daɗin buɗewa, ana yanka kirtani, ana kiɗa, ana ɗaukar hoto. Matatar injin iska ba ta da bikin buɗewa, albashin mai gyara ma haka. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma har yau talakan Adar yana jiran cikarsa. Babban mutum in ƙirjinsa ya riƙe, jirgi yake hawa. Wanda ba zai taɓa kwana a ɗakin marasa lafiya na gunduma ba, da wuya ya san ko akwai iska a ciki.

Can inda jirgin yake sauka, muhawarar likitoci ta daɗe da wuce wannan mataki. A 2023 likitocin Faransa suka wallafa gwajin da suka yi a ɗakunan kulawa ta musamman, inda ƙarin allurar idorokotizon ga manya masu ciwon huhu mai tsanani ya rage mutuwa daga kimanin kashi 12 zuwa kashi 6 cikin ɗari. Labari ne mai daɗi, kuma maganin yana da araha. Amma marasa lafiyar da aka gwada a kansu duk suna samun oksijan da kulawa dare da rana, kuma irin wannan magani in ya faɗa hannun mai talla, ko aka ba mai tarin fuka da ba a gano ba, ɓarna zai yi.

Akwai masu cewa rigakafi ya fi, a zuba kuɗin can. Babu mai musun darajar rigakafi. Nijar ta shigar da lambar da ke kare yara daga Hib a 2008, ta numokok kuma a 2014, kuma duk uban da ya hana a yi wa ɗansa ya ɗauki alhakin da ba zai iya saukewa ba. Gwajin AVENIR da aka gudanar a jihohin Doso da Tawa, wanda aka wallafa a 2024, ya nuna raba maganin azitoromisin ga ƙananan yara sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kimanin kashi 14 cikin ɗari, ko da yake masana suna fargabar ƙwayoyin cuta su saba da shi. Amma lamba ba ta rufe kowace irin ƙwaya, ba ta kuma amfanar dattijon da aka kawo yana haki. Ko an yi wa kowane yaro lamba, za a ci gaba da kawo wasu da dare, kuma su ma ƴan ƙasa ne.

Abin da ya fi ba da haushi shi ne waɗannan gundumomi sun riga sun nuna za su iya. Bayan yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana tallafa wa jinyar yara a Madawa da Buza, kuma a 2013 gundumomin biyu suna cikin na farko a Nijar da aka fara raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓin sauro na damina. An horar da mutanen gari, an shiga ƙauye-ƙauye, iyaye mata sun fito. Jama'ar da ta iya wannan za ta iya ƙirgar numfashi. Asibitin Galmi, wanda yake aiki tun 1950 a bakin babbar hanya, shi ma yana ɗauke wa yankin nauyi mai yawa. Sai dai ƙungiyar agaji baƙuwa ce, kuma baƙo raɓa ne. Mutanen Keita sun fi kowa sanin haka: aikin raya karkara da Italiya da hukumar FAO suka fara a 1984 ya maido da itace da ruwa a tuddai da suka mutu, amma madatsar ruwa ba ta gyara kanta bayan masu aikin sun naɗe kaya. Injin iska da aka kawo kyauta, in ba a rubuta kuɗin kula da shi a kasafin gunduma ba, nan da shekara biyu yana cikin sito ƙura ta rufe shi.

Don haka ma'aikacin da yake zama a taron perefe ko na kwamitin kula da gidan likita yana da tambayoyin da zai iya yi ba tare da ya zagi kowa ba. Injin tace iska nawa ne a asibitin gunduma, nawa ne suke aiki a yau? CSI nawa ne yake da ma'aunin yatsa mai bakin jarirai? In wuta ta ɗauke ƙarfe biyu na dare, me ke riƙe ɗakin yara? Wata nawa gidajen likita suke bin baitulmali? Wa yake biyan man motar ɗaukar marasa lafiya? An taɓa gwada ƙarin dala ashirin a kan kowace ganin likita a wasu gundumomi don asusun wannan jigila. In tsarin yana da aibi a gyara shi, in an soke shi a faɗi abin da ya maye gurbinsa. Amsoshin nan ba sirrin tsaron ƙasa ba ne, ya kamata a liƙa su a ƙofar asibiti kowane wata uku kamar yadda ake liƙa farashin jinya.

Ƴan kasuwa kuma, masu lodin albasa zuwa Abijan da Akara, da ƙungiyoyin ƴan Adar mazauna waje da suka saba haɗa kuɗi don garuruwansu, ba a ce su ɗauke wa gwamnati nauyinta ba. Amma wanda ya yi niyyar taimako, ya tambayi likitan gunduma tukuna kafin ya sayi komai, ya kuma haɗa injin da farantin rana da batir da matata ta shekara uku da kuɗin mai gyara, maimakon injina biyar tsirara da sunansa a jiki. Wanda kuma yake shigo da katan-katan na kafso ta iyaka yana rarraba wa yara masu tire, ya san cewa cikin masu sayensu akwai uwar da za ta jinkirta tafiya asibiti kwana uku saboda ta ga kamar ta yi magani.

Ana rubuta kasafin kuɗin ƙananan hukumomi da na gundumomin lafiya ne a ƙarshen shekara, daidai lokacin da ƙura take fara rufe duwatsun Buza. Layin da ake nema a ciki gajere ne: ma'auni, inji, wutar rana, gyara, da mai.